Yaron motata ya riga ni gani

Mutum biyar ne suka mutu a hannuna. Da wannan nake fara labarin yanzu, domin na daɗe ina ba da shi ta baya: in fara da gajiyar hanya, da matsin mai mota, da ramukan titi, sai can ƙarshe in ambaci mamatan kamar wani abu ne ya faɗo musu daga sama. Direban wata ƙaramar bas, da wani dattijo, da wani saurayi ɗalibi, da wata mata da jaririnta a cinya. Ni na bi ta kansu da tirela mai ɗauke da tan 30 na siminti, da sanyin safiya, gari ya waye tangaran, titi a bushe, burkina kuma lafiyarsa lau.

Ina ɗan shekara 17 na shiga mota. Shekara bakwai na yi ina yaron mota a hannun wani maigida da har gobe ban ga direba kamarsa ba. Daga kukan inji yake gane abin da ke damun mota tun kafin bakanike ya kwance komai. Shi ya koya mini in saukar da giya tun kafin in shiga gangara, kada in yi ta danna burki har ya yi zafi ya daina ci. Shi ya koya mini in saki iska daga tanki saboda ruwan da ke taruwa, in zagaya in ƙwanƙwasa kowace taya kafin mu tashi, in bar tazara mai yawa tsakanina da na gabana domin mota mai kaya ba ta san gaggawa ba. Shi ne kuma, duk inda muka yada zango da dare, yake aike na in sayo masa ƙaramar kwalba. Ba ya kiranta da sunanta. Cewa yake, “Yaro, jeka ka karɓo mini maganina.”

Ban taɓa ganin ya yi tangaɗi ba, ban taɓa jin harshensa ya sarƙe ba. Wannan ne ya cuce ni. Da a ce na ga yana faɗuwa cikin kwata, da na tsani abin tun ina yaro. Abin da na gani shi ne gwani, mutumin da ake girmamawa a kowace tasha, yana sha ya kwanta, da asuba ya tashi ya ja mota kamar ba a yi ba. Sai na haɗa abubuwan biyu a raina, ƙwarewar da kwalbar, na ɗauka tare suke tafiya. Wani dare mai sanyi ya miƙo mini ragowar, ya ce in kurɓa ciwon bayana zai lafa. Ya lafa kuwa.

Da na karɓi tawa motar sai na kafa wa kaina doka, kuma ina alfahari da ita: ba na sha a kan sitiyari. Na raina direbobin da ke ajiye kwalba a gefen kujera suna kurɓa suna tafiya, har faɗa nakan yi musu. Ni nawa tsarin daban ne. Da rana in haɗiyi ƙwayar tiramadol don jiki ya daina ciwo in iya jure zama, da dare in an tsaya in sha barasa don barci ya zo. Shekara 12 ina haka, ko akuya ban taɓa bugewa ba. Masu kaya suna nema na da suna. Duk wanda ya yi mini magana, amsata ɗaya ce: “Ni na san kaina. Ba ta kama ni.” Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, kuma ni a kan turken nan na shekara goma sha biyu ina ganin kaina a sake.

Matata ta gane tun a shekarar farko, daga warin rigunan da take wankewa. Ba mace ce mai hayaniya ba. Sau ɗaya ta tsaya a bakin ƙofa ina shirin fita ta ce, “Maigida, ka ji tsoron Allah. Ba kai kaɗai ba ne a kan titin nan.” Na ce mata me ta sani game da hanya, ita da ko tayar keke ba ta taɓa canzawa ba. Ba ta sake ɗaga maganar ba, ni kuma na ɗauki shirunta a matsayin na yi nasara.

Tafiyar da abin ya faru a cikinta ba ta bambanta da sauran ba. An ɓata mana kwana biyu a wurin lodi, mai mota yana ta buga waya yana cewa masu kaya za su soke ciniki. Da aka sallame mu sai na ce zan rama lokacin a hanya. Na tashi tun ƙarfe huɗu na asuba, ban kashe mota da niyyar kwana ba sai goma na dare, awa 18 ke nan idona biyu. Jikina ya yi tsami, amma kaina kamar an kunna rediyo, barci ya ƙi zuwa saboda ƙwayar da na haɗiya da la'asar. Na tarar da wasu direbobi biyu da na sani, muka zauna. Na sha fiye da yadda na saba, har sha biyun dare. Na kwanta a cikin kan mota, ƙarfe huɗu da rabi na farka, na wanke fuska da ruwan sanyi, na sha kofi mai ƙarfi, na ji garau.

Yaron motata ɗan shekara 19 ne a lokacin, mai kunya, ba ya haɗa ido da ni. Yana goge gilashi ya ce, murya ƙasa-ƙasa, “Oga, da mun ƙara ko awa biyu. Idonka ya yi ja.” Na daka masa tsawa. Na tambaye shi ko shi ne zai biya mai mota asararsa, ko kuwa yau ya fara koya mini tuƙi. Ya yi shiru ya hau.

Awa biyu muka yi lafiya. Wajen shida da rabi muka sauko wata 'yar gangara mai sauƙi, hanya miƙaƙƙiya, ina gudun kilomita 80. Bas ɗin tana gabanmu, na daɗe da ganinta. Ta kunna sigina za ta sauke fasinja, ta fara rage gudu, rabinta a kan kwalta rabinta a gefe, ga wata motar kuma tana tahowa ta ɗaya hannun. Idona yana kanta. Wannan shi ne abin da na kasa fahimtar da mutane: ban yi barci ba, ban kau da kai ba, ina kallon jar fitilarta. Amma abin da idon ya gani bai isa ƙafata ba. Sai da na ji yaron ya ƙwala ihu, “Oga, burki! Burki!” sannan na taka. Ya riga ni gani, shi da ba ya riƙe da komai.

Ba zan bayyana ƙarar ba. Mun tura bas ɗin har cikin rami, kan tirelar ya hau bayanta. Ni ko ƙwarzane ban yi ba, sai leɓena da ya fashe. Na sauko ƙafafuna suna rawa. Mutane suka fito daga ko'ina, wasu suna salati, wasu suna neman ƙarfen da za su ɓalle ƙofa. Aka zaro matar aka kwantar a gefen titi, kusa da inda nake tsaye. Da ranta a lokacin. Wani ya nuna ni ya ce ga direban nan, sai wani dattijo ya riƙe hannuna ya ja ni gefe ya ce in zauna kada in motsa, ya tsaya a gabana har 'yan sanda suka iso. Ban san shi ba, ban sake ganinsa ba, kuma na tabbata ba don shi ba da a wurin aka gama da ni.

Awa biyu bayan hatsarin aka ɗebi jinina a asibiti. Ban damu ba ko kaɗan, domin a lissafina barasar jiya ta tafi tare da jiya. Sakamakon ya nuna 0.05, wato giram 0.05 na barasa a cikin kowane mililita 100 na jini. A kotu likita ya yi wa alƙali bayanin da ni ne na fi kowa buƙatarsa shekara 12 kafin ranar. Ya ce hanta ce ke ƙone barasa, kuma da nata takun take yi, kusan 0.015 a kowace awa. Kofi ba ya sa ta sauri, ruwan sanyi ba ya yi, barci ma ba ya yi. Abin da kofi ke yi kawai shi ne ya buɗe idon mutum alhali ƙwaƙwalwarsa tana nan a daskare. Ya lissafa baya, ya ce lokacin da na bugi bas ɗin jinina yana wajen 0.08, lokacin da na kwanta kuwa ya kusa 0.18. Ya ƙara da cewa barcin da barasa ke kawowa ba barcin hutu ba ne, tana kayar da mutum da wuri amma tana lalata rabin daren na biyu, ya tashi da gajiyarsa. Lauyana ya ce ai shaidu sun tabbatar ina tafiya daidai, ina magana daidai. Likitan ya ce wanda ya saba sha yana iya ɓoye tangaɗi da sarƙewar harshe, amma in abu ya taso masa ba zato, jinkirin yana nan.

Sai aka kira yaron. Kafin ranar, abokan sana'a sun je sun same shi, sun ce ya ce burki ne ya ƙi ci, ai haka ake yi, ba a tona asirin maigida. Ya tsaya a gaban alƙali yana rawar murya, ya faɗi komai: ƙwayar, da zaman daren, da maganar da ya yi mini da asuba, da tsawar da na yi masa. Bai dube ni ba har ya gama. A ranar na ji na tsane shi fiye da kowa a duniya. Na ce yaron da na ɗauko ba shi da ko takalmi, yau shi ne ya ɗaure ni. Aka yanke mini shekara shida, aka soke lasisina.

Makon farko a gidan yari jikina ya nuna mini matsayina. Hannuwana suka riƙa karkarwa, gumi yana karyo mini cikin dare, zuciyata tana bugawa kamar za ta fito, ina ganin abubuwa suna tafiya a bango. A dare na uku na faɗi ina shure-shure, aka kai ni ɗakin magani. Ma'aikacin jinyar ya ce mini wanda jikinsa ya saba da barasa kullum, in ya yanke ta farat ɗaya, yana iya samun jijjiga irin ta farfaɗiya, har ta kai ga mutuwa, shi ya sa ake son a daina a ƙarƙashin kulawar likita. Ya ce tiramadol ma da kanta tana jawo jijjigar, kuma haɗa ta da barasa yana danne numfashi. Ina faɗin wannan ne saboda wanda zai karanta ya yi niyyar dainawa: ya je asibiti, kada ya kulle kansa a ɗaki. Ni da nake cewa ba ta kama ni, ashe ta daɗe da riƙe ni har ƙashi.

Shekara shida lokaci ne mai tsawo ga mutumin da ke da lissafi ɗaya a kai. Na roƙi wani malamin makaranta da muke ɗaki ɗaya ya taya ni. Ya ce motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Na sa ya maimaita. Mita 22 ya fi tsawon tirelar gaba ɗayanta, kai da bodi. Ni kuma na san abin da shi bai sani ba, cewa burkin iska ba ya kamawa nan take, akwai kusan rabin daƙiƙa tsakanin taka shi da lokacin da iska za ta isa ƙafafun baya. Ka ɗora nauyin kaya a kai. Daga baya na ga ƙiyasin hukumomin sufuri na Amurka, cewa babbar mota mai cikakken lodi, wajen tan 36, in tana gudun kilomita 105 tana buƙatar kusan mita 160 kafin ta tsaya cik, a busasshen titi, da lafiyayyen direba. Waɗanda suka auna zanen tayata a kan kwalta sun ce da na taka burki daƙiƙa biyu kafin lokacin da na taka, ko dai in tsaya, ko in taɓa bas ɗin taɓawar da ba za ta kashe kowa ba. Na ƙirga daƙiƙa biyun nan a bakina sau dubbai. Ɗaya, biyu. Ko salati mutum ba zai ƙarasa a cikinsu ba.

Masu zuwa duba ni suna yawan cewa, “Ka yi haƙuri, ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa.” Na san don su sanyaya mini rai suke faɗa, kuma na yi imani da ƙaddara kamar yadda suka yi. Shekara biyu na ɓuya a bayan kalmar nan, ta yi mini daɗi. Amma akwai dare ɗaya da na tambayi kaina: in ɗana ne a cikin bas ɗin, wani direba ya zo ya ce mini ƙaddara ce, alhali ya kwana yana sha, yaronsa ya ce ya huta ya ƙi, zan karɓa? Ba zan karɓa ba. Ajalinsu yana hannun Allah, wannan ba ni da ta cewa a ciki. Kwalbar kuwa a hannuna take, da kuɗina na saya, da bakina na sha, kuma an yi mini magana sau biyu, sau ɗaya a ƙofar gidana, sau ɗaya a gaban gilashin motata. Tun daren nan na daina barin kowa ya faɗa mini kalmar a kan wannan al'amari, ko da mahaifiyata ce. Ita ma ta rasu ina ciki, ban samu na yi mata sallama ba.

Ba ina wanke sauran masu hannu a ciki ba ne. Mai motar da ke biyan direba da yawan sawu, ya san sarai me yake saye da kuɗinsa: yana sayen barcin direban ne. Mai kayan da zai riƙe mota kwana biyu a wurin lodi sannan ya ce lallai a isa gobe, shi ma ya sani. Masu sayar da barasa da ƙwaya a daidai inda manyan motoci ke kwana sun san su waye masu sayensu da abin da za su hau da asuba. Jami'in da zai leƙo ta taga, warin ya buge shi, ya karɓi abin da zai karɓa ya ɗaga hannu, shi ma yana da rabonsa. A shekara 19 da na yi a hanya, an tsayar da ni ya fi a ƙirga saboda takardu da fitila da nauyin kaya, amma ba a taɓa ba ni na'ura an ce in hura ba, ko sau ɗaya. Na'urar nan kuwa ba sabuwa ba ce, tun 1954 wani Ba'amurke mai suna Robert Borkenstein ya ƙera ta.

Bayan na fito ne ɗana ya koya mini neman abu a waya, na shiga karanta yadda wasu suka ɗauki matsalar. A ƙasashen Tarayyar Turai direban babbar mota ba ya wuce awa huɗu da rabi a kan sitiyari sai ya huta minti 45, kuma a ƙa'ida awa tara ce tuƙinsa na yini, akwai na'ura a cikin motar da ke rubuta komai, mai mota ma ana kama shi in aka karya. A Amurka, inda iyakar mai ƙaramar mota a kusan duk jihohi take 0.08, ta direban babbar mota 0.04 ce, kuma an hana shi shan barasa cikin awa huɗu kafin ya hau aiki. A Suwidin 0.02 ce ga kowa. A Faransa tun 2015 manyan motocin safa suna ɗauke da wata na'ura da sai direba ya hura ta ga numfashinsa da tsabta sannan inji zai tashi. A kan wannan na fi daɗewa. Da akwai ta a motata, da asubar nan sai in murɗa makulli ta ƙi tashi, in yi ta zage-zage, in koma in kwanta, mutum biyar su isa inda za su. Na kuma ga wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997, wanda ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na mai 0.05 a jini. Wato tun kafin in buɗe kwalbar a daren nan, na riga na yi awa guda ina tuƙi a matsayin wanda ya sha. Rashin barci da barasa ba sa rage wa juna ƙarfi, taruwa suke yi a kan mutum ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, sama da 3,200 ke nan a kowace rana, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Idan na ga irin wannan adadi ba ya shiga kaina. Biyar na sani. Na san launin rigar ɗalibin, na san jakarsa da ta fashe littattafai suka watse a kan kwalta.

Yaron motata ya zo ya same ni wata uku bayan fitowata. Ya zama direba, yana da iyali. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar da, ya ce, “Oga, ka yafe mini.” Na rasa inda zan sa kaina. Na ɗaga shi na ce ni ne zan nemi gafararsa, domin na ɗora masa ganin abin da ba zai taɓa mantawa ba, na kuma so ya yi ƙarya a kan jinin mutane. Ya ce mini har yanzu in ya ga ƙaramar bas ta kunna sigina a gabansa, ƙafarsa takan kai burki kafin ya sani. Shi ne ya nema mini aikin da nake yi yanzu, gadin dare a wani gareji da manyan motoci ke kwana. Makullan motocin a wurina suke kwana, haka mai garejin ya yarda bayan na ba shi labarina. Mai son tashi da asuba sai ya zo gabana ya karɓa, mu yi magana fuska da fuska. Ba ni da na'ura, hancina ne kawai da idona, kuma na san abin da nake nema. Wasu sukan zage ni, wani ya taɓa ce mini mai kisan kai ne zai koya masa tuƙi. Na ce masa e, shi ne, kuma makullin sai ƙarfe tara.

Akwai abu ɗaya da na yi ta ɗagawa. Wata ranar Lahadi na ji a rediyo ana cewa yau ce ranar tunawa da waɗanda suka mutu a hatsarin hanya, Lahadi ta uku a watan Nuwamba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita tun 2005. Aka sa wata mata tana magana a kan ɗanta, ta ce abin da ya fi ci mata rai shi ne wanda ya buge shi bai taɓa zuwa ya dube ta ba. Na kashe rediyon. A makon na fara neman iyalan mutanen nan biyar, ta hannun wani da ya san shari'ar. Iyalin direban bas ɗin sun ce kada in kuskura in zo, kuma ban ga laifinsu ba. 'Ya'yan dattijon sun karɓe ni a tsaye, suka ce sun ji, na tafi. Iyayen ɗalibin sun tashi daga inda suke, ba a san inda suka koma ba. Saura mijin matar.

Na same shi zaune a ƙofar gida da yamma, mutum mai ƙaramin jiki, furfura ta fara fito masa. Na yi sallama, na faɗi ko ni wane ne. Ya daɗe yana kallona. Ya ce ya gane ni tun daga nesa, ya ga fuskata a kotu kullum. Ya nuna mini wuri na zauna a ƙasa. Na faɗi abin da na zo faɗa, ban kawo gajiya ba, ban kawo mai mota ba. Na ce na sha, an hana ni tafiya na ƙi, na kashe masa mata da ɗa. Wata yarinya 'yar kimanin shekara 11 ta leƙo daga cikin gida, ya ce mata ta koma. Ya ce ita ce babbar, ranar an bar ta a gida saboda tana zazzaɓi.

Sai ya ce, “Malam, abu ɗaya nake so in tambaye ka. Shekara bakwai ina neman wanda zan tambaya. An ce mini ba nan take ta cika ba. Kana wurin?”

Na ce ina wurin.

“Ta yi magana?”

Na ce ta yi. Ta tambayi ina yaronta, sau biyu. Wata mata da ke riƙe da kanta ta ce mata yana nan lafiya, an ɗauke shi. Sai ta ce alhamdu lillahi, ta yi shahada, ba ta ƙara cewa komai ba.

Ya sunkuyar da kai ya daɗe. Na ga kafaɗunsa suna motsi. Da ya ɗago sai ya ce, “To ba ta sani ba ke nan.” Na ce ba ta sani ba. Ya goge fuskarsa da hannun riga, ya kira yarinyar da sunanta, ya ce ta zo ta zauna kusa da shi. Sannan ya dube ni ya ce in sake faɗa daga farko, a hankali, yadda ita ma za ta ji.